Jaket Ɗaya, Samari Huɗu

Motar ba ta da fentin 'yan sanda, amma tun kafin direba ya kashe ta Na Huɗu ya san wurinsa aka zo. Shekara talatin da ɗoriya sun koya masa irin tsayuwarsu: ba sa neman inuwa, ba ruwansu da wanda suka tare wa hanya. Ya kashe injin yankan makulli, ya goge garin ƙarfen da ke yatsunsa a jikin wando, ya jira.

Shagon nasa ƙarƙashin matakalar wani bene ne da aka yi wa ƙofar ƙarfe. In ya miƙe sai ya sunkuyar da kai, in ya ware hannuwa sai ya taɓa bango da bango. Duk wanda ya hau benen, a kansa yake takawa.

Mace ce ta fito, siririya mai tabarau, da ƙaramar jaka a hammata. Ta gaishe shi, ta kira shi da sunansa na gaskiya, har sai da ya ɗan waiga kamar da wani take. Ba mai kiransa da sunan nan sai matarsa, ita ma sai ranta ya ɓaci.

"Ni ce sabuwar sufeton da aka danƙa wa tsofaffin binciken da ba a rufe ba," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Waɗanda suka gabace ki duk sun yi ritaya sun bar ni a nan. Kujera ɗaya ce, ki zauna, ni na saba da tsayuwa."

A wancan lokacin su huɗu ne abokai, 'yan shekara sha shida zuwa sha bakwai: Dogo, Ƙwaro, Auta da shi. Wata rana da yamma suka tafi tsohuwar masana'antar ƙanƙara da ke bayan tashar kaya, inda suka saba zama. Shi ya dawo gida da wuri. Su ukun sai daga baya aka same su a ɗakin sanyi, an ɗaure musu hannu da wayar lantarki, an rotsa musu kai. Ba a taɓa kama wanda ya yi ba. Shi dai an tsare shi, an jibge shi, an sake shi, an kuma tsarewa. Ba a kai shi kotu ba, ba a kuma ce ba shi ba ne. Unguwa ta laƙa masa Na Huɗu, sunan kuwa ya zauna daram.

Abu ɗaya aka tsinta a wurin, wata baƙar jaket ta fata, rataye a shingen waya can bayan ginin. Aka nuna wa iyayen yaran, duk suka ce ba su taɓa ganinta ba. Sai 'yan sanda suka yanke cewa ta makashin ce, ya tuɓe ta ne don ya tsallake waya. Hotonta ya shiga jarida, ya hau bangon tasha, kuma har yau uwar Dogo na sake buga shi tana mannawa a turakun lantarki, da manyan baƙaƙe a ƙasa: WA YA SAN MAI WANNAN JAKET?

Sufeto ta zuge jakarta, ta zaro wani dogon tsinke mai auduga a kai, a cikin leda.

"Yanzu zamani ya canza," ta ce. "Gumin da ya shiga wuyan jaket ɗin yana nan, kuma masu ɗakin gwaje-gwaje sun iya karanta shi. Duk wanda aka taɓa tambaya a lokacin, muna karɓar yawunsa mu gwada. Kai ma hutu ne gare ka. In bai yi daidai ba, da hannuna zan rubuta cewa an wanke ka."

Ya dubi tsinken. Wani ya sauko daga bene a guje, ƙura ta zubo masa a kafaɗa.

"Zai yi daidai," ya ce.

Ta cire tabarau. "Malam, ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Tamu ce. Mu huɗu."

Maganar ta fito masa da ƙyar, kamar tsohuwar ƙusa daga katako. "A gwanjo muka gan ta. Ba mai iya sayenta shi kaɗai, sai muka riƙa gudu daga aji muna tsintar tsofaffin ƙarafa muna sayarwa, har muka haɗa. To wa zai kai ta gida a tambaye shi inda ya samo? A masana'antar muke ɓoye ta, cikin wani mataccen firji. Kowa da ranarsa. In za ka wajen yarinya ko kallon ƙwallo sai ka saka, ka dawo ka mayar."

"Jaket ta fata? A cikin zafin nan?"

"Ranki ya daɗe, shekararmu sha bakwai. Ko cikin tanderu ne za mu saka ta."

Ba ta yi dariya ba. "Ranar fa?"

"Ranar tawa ce. Tun safe nake yawo da ita, gumi kamar an sheƙa min ruwa. Dogo ya ce in ara masa, wai yarinyarsa ta ce su haɗu. Muka hau cacar baki, har na ce sai na kashe shi. Masu tura baro suka ji, suka kuwa faɗa wa 'yan sanda. Na tuɓe ta na wurga masa a fuska, na yi tafiyata."

"Me ya hana ka faɗa tun a lokacin?"

"Na faɗa. Sufeton farko, Allah ya ji ƙansa, ya ce samari huɗu riga ɗaya, shi zan raina wa hankali? Ya ce mai ita nake karewa." Ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa, ya nuna mata giɓi. "Amsar da ya ba ni ke nan. Ban ƙara ba."

Ta juya tsinken a hannu.

"Bari in gaya maka gaskiya," ta ce. "An samu gumin mutum ɗaya mai ƙarfi, da na wasu raunana a ƙarƙashinsa. In mai ƙarfin naka ne, magana ta fita hannuna. Manyana sun gaji da ganin uwar Dogo a bakin ofis, lauyan gwamnati kuwa mai jaket kawai yake jira a kawo masa. Kafin sakamako ya fito, ka samo min wanda ya taɓa ganinta a jikinsu. Ko kuma jinin ɗaya daga cikinsu, uwa ko uba ko ɗan'uwa, ya ba da nasa yawun. In aka ga yaron a wuyan jaket ɗin, maganarka ta tsaya da ƙafarta."

"In na ƙi ba da nawa fa?"

"Zan dawo da takardar kotu, kuma ƙin naka zai shiga rahoto."

Ya buɗe baki, ta zura tsinken.

Matarsa mai aikin jinya ce a asibitin unguwa. Ya same ta tana goge farar rigar aiki a kan tebur, ya zauna a bakin gado ya zayyana mata komai. Ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa, ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, shekara nawa ina wuce hoton nan a hanyar asibiti? Ko sau ɗaya ba ka ce min taka ce ba?"

"Da na faɗa, da kin aure ni?"

"Da na aure ka, amma da ban sake barin ka zaɓar wa kanka kaya ba. Wannan mummunar abu kuka haɗu ku huɗu kuka saya?" Ta so ta yi dariya, bakinta ya ƙi. Ta zauna kusa da shi. "Ka tafi wurin yayana. Kwana ɗaya a mota, ba wanda ya san ka a can."

"In tafi a ce me? Tun babana na raye ya ce duk ranar da na sa ƙafa na bar garin nan, na sa hannu ke nan a kan cewa ni ne. Kuma 'ya'yanki a nan suke makaranta."

"To wa ya rage?"

Suka shiga lalube. Mai gwanjon ya daɗe da rasuwa. Ƙwaro maraya ne, a hannun matar kawunsa ya tashi, ba shi da wa ba shi da ƙane. Iyayen Auta sun rasu, yayarsa ta yi aure a wata ƙasa, ba wanda ya san ma ko tana raye.

"Sai uwar Dogo," in ji shi.

"Matar da ta tofa maka yawu a bakin kasuwa? To ai ta taɓa ba ka, sai dai ba ka adana ba." Ta dafa goshi. "Allah ya yafe min. Yarinyar fa? Wadda Dogo zai je wurinta?"

Yarinyar yanzu ita ce shugabar wata makarantar firamare mai shuɗin ƙyaure. Maigadi ya bar shi a rana har sai da aka tashi tara, sannan aka shigar da shi ofis. Ta yi ƙiba, ta yi furfura a gefen kai, ga kofuna na gasar makarantu jere a bayanta. Da ta gane shi sai ta miƙe ta rufe ƙofa da kanta.

"Malama, ba doguwar magana ba ce," ya ce. "Jaket ɗin da ke hoton nan, kin gan ta a jikin Dogo. Ba sau ɗaya ba."

"Ban san abin da kake faɗa ba."

"Kin taɓa ce masa warin akuya take yi. Ya zo ya ba mu labari, muka sayi turare muka fesa mata."

Ta ɗora hannu a kan tebur.

"A lokacin babana ya ce in ce ban san shi ba, na kuwa ce ban san shi ba," ta ce a hankali. "Yau ina da miji, ina da surukai, ina da yaran mutane a hannuna. So kake a buga sunana a jarida kusa da hoton ɗakin sanyi? Iyaye su kwashe 'ya'yansu?"

"Ni kuma rataye ni za a yi."

"Ba za a rataye ka ba. In za a yi, da an yi tuntuni."

"Malama, don girman Allah."

Ta buɗe ƙofa ta kira maigadi. Na Huɗu ya kai wa Sufeto labari, ita ma ta je da kanta. Shugabar makaranta ta ba ta ruwa mai sanyi, ta ce ita ba ta taɓa sanin wani Dogo ba.

Ya yi ta jan ƙafa kafin ya nufi gidan uwar Dogo. Ya san Sufeto ta riga ta je, tsohuwar ta kore ta, ta ce ita za a gwada, ita ta kashe ɗanta? Amma kullum ya buɗe shago ya ji mota ta rage gudu a kan titi sai ya ɗago ya leƙa ko shi aka zo ɗauka, har ya fara ɓata wa mutane makulli. Ranar da ya yanka wa wani direba makulli ɗaya sau uku bai buɗe ba, ya ja ƙofa ya rufe, ya tafi.

Ɗakin bai canza ba, sai dai ya ƙanƙance. A da nan suke zubewa su huɗu a ƙasa, ta ajiye musu kwano ɗaya tana cewa gara ta ciyar da fara da ta ciyar da su. Yanzu hotunan jaket ne ɗaure-ɗaure a jikin bango har kusan taga, ga bokitin gam, ga burushi a ciki. Tana zaune a kujerar roba, gwiwoyinta sun kumbura, sanda a gefe.

Ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Inna, ina wuni."

"Kada ka kira ni Inna. Wanda ke kirana Inna yana cikin ƙasa."

Ya sadda kai ya faɗa mata, tun daga gwanjo har firji, har faɗan da suka yi. Ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Sai yanzu? Da ka ga asirinka zai tonu, sai ka ɗauki rigar makashi ka rataya wa ɗana? Dogo bai taɓa ɓoye min komai ba. Ko alawa aka ba shi sai ya nuna min."

"Tsoronki yake ji, Inna. Mu duka tsoronki muke ji."

"Na ce kada ka kira ni haka!"

"Yawu kawai za ki bayar. In ƙarya nake, gwajin zai nuna, ki ga an rataye ni hankalinki ya kwanta. Me za ki rasa?"

Ta dube shi, ta dubi ɗaurin hotunan. Nan take ya gane abin da za ta rasa, ya kuma yi da na sanin tambayar. Tun tana da ƙarfin hawa tsani take neman mai jaket. Ta bi motoci zuwa garuruwa saboda wani ya ce ya ga mai irinta. Mijinta ya gaji ya bar ta. In jaket ɗin ta ɗanta ce, to ba kowa a ƙarshen hanyar da ta bi.

Ya san ya kamata ya tashi. Amma ya tuna 'ya'yansa, sai ya ci gaba.

"Fentinta na zuba," ya ce. "Ta banza ce, baƙin fenti aka shafa mata. In mutum ya yi gumi sai ya sauka a wuyan rigarsa ta ciki. Kin tuna baƙin da ke fitowa a wuyan farar rigarsa ta makaranta? Wanda sabulu ba ya fitarwa? Kin ce gareji yake zuwa yana wasa da baƙin mai. Kin zane shi da wayar rediyo a tsakar gidan nan, ina tsaye a can, ya rantse bai je gareji ba. Bai kuwa je ba."

Fuskarta ta tsaya cak. Ta lalubi sandar, ya ɗauka miƙewa za ta yi, sai ji ya yi ta sauka a kafaɗarsa.

"Fita! Fita min daga gida, la'ananne! Ka kashe shi, ka kuma dawo ka tona min shi?"

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya fita yana riƙe da kafaɗa, ba wanda ya ce masa sannu.

Sakamako ya fito, gumin mai ƙarfi nasa ne. Wannan karon motar mai fenti ce, kuma ba Sufeto kaɗai ba ce. Aka fito da shi daga ƙarƙashin bene da ankwa, mutane cike da baranda suna ɗaukar hoto da waya. Mai sayar da katin waya, wanda suka shekara goma suna shan shayi tare, ya ce da ƙarfi, "Ni dai tun da can idonsa bai kwanta min ba!" Washegari jarida ta buga fuskarsa gefe da gefe da jaket ɗin. Alƙali bai ko ɗaga kai sosai ba, ya ce a tsare shi har a gama bincike.

Ɗakin da aka sa shi ya fi shagonsa faɗi, amma su tara ne a ciki. Taga ɗaya ce can sama, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. In za a juya a kwance sai an yi shawara. Suka ba shi wuri kusa da bokiti, har sai da wani ɓarawon babur ya ji laifin da ake tuhumarsa da shi, ya ce, "Kai, ku matsa wa Baba! Mu almajiran sana'a ne, shi malami ne." Daga nan ya samu jikin bango. Bai musa ba, don bayansa na ciwo.

Matarsa na zuwa ranar ziyara da rigar aiki a jikinta, su yi magana ta ragar waya. Ta ce an fasa wa babban ɗansu baki a makaranta. Ta ce mai benen ya sa wani kwaɗo a kan nasa a ƙofar shago. Ta ce ta je gidan uwar Dogo har sau biyu, ba a buɗe mata ba.

"Kada ki sake zuwa," ya ce.

"Zan je. In ta buɗe, ni zan danne ta in zura mata tsinken, ai aikina ne."

"Sai mu zama mu biyu a nan. Wa zai ba yara abinci?"

Lauyan da gwamnati ta ba shi, wani yaro mai sabuwar kwat, ya ba shi shawara ya amsa cewa faɗa ne ya kaure tsakaninsa da abokansa, kuma shi yaro ne a lokacin, wataƙila a sassauta. Na Huɗu ya ce zai yi tunani. Abin da ya tsorata shi, da gaske ya fara tunanin. In ya amsa, aƙalla za a yanke masa shekaru masu iyaka, a gaya masa ranar fita.

Yana cikin wannan hali aka kira shi ɗakin ganawa, ya tarar da Sufeto a zaune.

"Ta zo," in ji ta.

"Wa?"

"Uwar Dogo. Da safe, da sandarta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zauna a gaban teburina ta ce ina tsinken, ta buɗe baki. Da na gama ta ce in gaya wa masu gwajin su duba da kyau, in ba su ga ɗanta ba, a ba ta kujerar gaba ranar da za a rataye ka."

Ya kifa goshinsa a kan tebur.

"Kada ka yi murna tukuna," ta ce. "Sauran gumin raunana ne ƙwarai. Ba lallai su karantu ba. Kada dai ka sa hannu a komai, ko lauyanka ya yi kuka."

Jiran nan ya fi duka zafi. Ɓarawon babur ya samu beli, aka kawo wasu, aka kwashe wasu. Ya rame har wandonsa na zamewa. Yakan zauna ya yi ta ƙoƙarin tuna ko Dogo mai gumi ne. Ƙwaro dai ya san mai gumi ne, amma Ƙwaro ba shi da uwa. Dogo fa? Ya taɓa ganin gumi a wuyan Dogo? Sai fuskar ma ta ɓace masa, ya rasa ta gaba ɗaya.

Ranar da gandiroba ya ce ya fito da kayansa, bai tambayi dalili ba. A ofis Sufeto ta miƙa masa ledar da aka zuba agogonsa da bel ɗinsa.

"An ga Dogo," ta ce. "Kaɗan ne, a cikin ɗinkin wuya, amma shi ne. Akwai wasu mutum biyu kuma da ba a san su ba. Lauyan gwamnati ya janye."

"To an wanke ni ke nan?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Jaket ɗin ce ta fita daga magana. Ta nuna ku huɗu kuka saka ta, ba ta nuna wanda ya shiga ɗakin sanyi ba. Kai ne dai na ƙarshe da aka gani tare da su. Ba zan iya rubuta abin da na ce zan rubuta ba, ka yi haƙuri. Yanzu ba mu da komai a hannu, daga farko za mu fara."

Ya ɗaura bel ɗin, ya ga ko ramin ƙarshe ya yi masa yawa. Ya riƙe wandon da hannu ya fita.

Hasken waje ya kashe masa ido. Da ya washe, ya hango matarsa can bakin babban ƙyaure, ta tsayar da tasi tana ɗaga masa hannu. Tsakaninsa da ƙyauren akwai wani benci na siminti a ƙarƙashin bishiya, uwar Dogo na zaune a kai, sanda a tsakanin gwiwoyinta. Ba wata hanya sai ta gabanta.

Ya tsaya, ya rusuna. Bai san da wane suna zai kira ta ba.

"Ba don kai na yi ba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

"Na sani."

"Har yanzu ban san ko kai ne ba."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Leɓenta na motsi kamar mai tauna wani abu.

"Ta yi masa kyau?"

Bai gane ba da farko. Sai ya fahimci jaket ɗin take nufi. Ya so ya ce ta yi masa kyau ƙwarai, kamar don shi aka ɗinka, amma ta ɗago ta zuba masa ido.

"Ba ta yi masa ba," ya ce. "Hannunta a nan yake tsaya masa." Ya nuna tsakiyar damtsen hannunsa na ƙasa. "In ya saka sai ka ce ya ari ta ƙanensa. Mu kuma mu ce masa ya yi kama da ɗan fim, don kada ya ce a sayar."

Wani sauti ya fito mata, shi ba dariya ba, shi ba kuka ba. Ta miƙo hannu ta cafke wuyan hannunsa. Bai taɓa zaton akwai sauran ƙarfi haka a yatsunta ba.

"Zauna," ta ce. "Ka faɗa min tun daga ranar da kuka gan ta a gwanjo. Inda yake zuwa da ita, da wa yake haɗuwa, me yake cewa a kaina. Kada ka tsallake komai. In ka yi ƙarya zan gane."

Daga bakin ƙyaure direban tasi ya danna hon, matarsa ta ware hannuwa tana tambayarsa da ido. Ya ɗan ja hannunsa, tsohuwar ta ƙara damƙewa.

Ya zauna a gefen bencin, ya fara.